Waɗanda Ba Su Shiga Lissafi Ba: Nazari Kan Alƙaluman Majinyatan Sashen Kulawa ta Musamman a Afirka

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi manyan bincike huɗu da aka wallafa daga 2009 zuwa 2025 kan majinyatan da ciwo ya yi wa tsanani. Ta nuna cewa alƙaluman da ake tarawa a sashen kulawa ta musamman kaɗai ba sa bayyana girman matsalar a Afirka, domin akasarin masu wannan hali ba sa kaiwa ga sashen.

Gabatarwa

Asalin wannan sashe yana komawa ga annobar shan inna ta 1952 a babban birnin Denmak, inda Dokta Bjørn Ibsen ya sa ɗaliban likitanci suka riƙa hura wa majinyata iska da hannu dare da rana. Tun daga lokacin, masana ke ɗaukar gadon sashen a matsayin ma'aunin ƙidaya. Wanda ya hau shi ya shiga lissafi, wanda bai samu ba kuwa babu labarinsa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Binciken EPIC II, ƙarƙashin Jean-Louis Vincent, ya ƙidaya majinyata 13,796 a sassa 1,265 na ƙasashe 75 a rana guda, 8 ga Mayun 2007. Kashi 51 cikin 100 suna fama da cutar da ƙwayoyin cuta suka haddasa, kuma kashi 25 na waɗannan sun rasu a sashen, alhali na sauran kashi 11 ne. Da aka maimaita aikin a 2017, adadin masu ɗauke da ƙwayoyin ya kai kashi 54. Aiki ne mai inganci, sai dai ƙidayar rana guda ta fi kama waɗanda suka daɗe a kwance, sannan asibitocin Afirka da suka shiga ba su taka kara sun karya ba.

Korona ce ta fara cike giɓin. Binciken ACCCOS, wanda mujallar Lancet ta wallafa a 2021, ya bi majinyatan korona 3,140 masu tsananin ciwo a asibitoci 64 na ƙasashe 10, ciki har da Nijeriya da Nijar da Ghana. Kashi 48.2 sun rasu cikin kwana 30, matsakaicin duniya kuwa 31.5. Galibin asibitocin manya ne na koyarwa, don haka da wuya a ce na karkara sun fi su sa'a.

Binciken ACIOS na 2025 shi ne ya sauya tambayar. Maimakon ya tsaya a ƙofar sashen, sai ya shiga ɗakunan kwanciya na manya, ya auna numfashi da bugun zuciya da hawan jini da hayyacin majinyata 19,872 a asibitoci 180 na ƙasashen Afirka 22. Ɗaya cikin takwas yana cikin mawuyacin hali. Kashi 69 na waɗannan suna kwance ne a ɗakunan gama-gari, kuma kashi 21 sun rasu cikin mako guda, yayin da na sauran majinyata bai kai kashi 3 ba.

Tattaunawa

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, fiye da rabin masu wannan hali ba su samu cikakkiyar kulawar farko ba: oksijin, ƙarin ruwa, gyara kwanciya don buɗe hanyar iska. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar na'urar numfashi mai tsada. A ganin mai wannan nazari, ma'aikatar da ta gina tsarinta kan yawan gadajen sashen za ta zuba kuɗi inda majinyata suka fi ƙaranci, ta bar ma'aikaciyar jinya ɗaya da ɗaki cike cikin dare ba ko na'urar auna oksijin. Ba ana cewa a daina gina sassan ba ne. Wanda ƙodarsa ta tsaya ko numfashinsa ya gaza gaba ɗaya ba shi da wata mafita.

Shawara

Ya kamata asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi su buɗe kundin ƙidayar masu tsananin ciwo a duk ɗakunan kwanciya, har da na haihuwa da na yara, su kuma riƙa wallafa sakamakon kowace shekara.