Talabijin mai intanet a Birnin Zariya

Talabijin mai intanet, wanda 'yan kasuwa ke kira simat, akwatin talabijin ne da ke ɗauke da ƙaramar kwamfuta a cikinsa, wadda ke ba shi damar haɗuwa da intanet da buɗe manhajoji irin su YouTube da Netflix ba tare da an jona masa wata na'ura ba. Ya bambanta da talabijin na yau da kullum, wanda ke nuna abin da eriya ko dikoda ko fulash suka ba shi kawai. A Birnin Zariya da ke Jihar Kaduna, amfanin irin wannan akwati ya rataya ne kan abubuwa uku: wutar lantarki, kuɗin data, da irin shirye-shiryen da mutanen gida ke kallo.

Tarihi

Talabijin ya fara aiki a Najeriya ranar 31 ga Oktoba 1959, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tashar WNTV a Ibadan. A Arewa kuwa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Hoto mai launi ya fara fitowa daga tashar Jos a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA. Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos tana bayar da digiri ne ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

A 1992 aka kafa hukumar NBC, aka kuma bai wa 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi masu zaman kansu. A shekarun 1990 ɗin ne finafinan Hausa suka shiga gidaje ta kaset ɗin bidiyo, daga baya ta faifan CD. Kamfanin StarTimes ya fara aiki a Najeriya a 2010 tare da haɗin gwiwar NTA, GOtv ya biyo baya a 2011, tashar Arewa24 kuma ta fara watsa shirye-shirye a 2014. Shirin sauya watsa talabijin zuwa tsarin dijital ya fara a Jos a Afrilun 2016, ya iso Kaduna a Disambar 2017.

A wannan tsakanin ne tsohon akwati mai ƙusumbi ya fara ɓacewa, mai faffaɗan allo ya maye gurbinsa. Jama'a na kiran kowane faffaɗan talabijin filasma, ko da yake manyan kamfanoni sun daina ƙera ainihin filasma tun wajajen 2014. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa yanzu nau'in LED ne.

Yadda yake aiki

Kowane talabijin mai intanet yana da babbar manhajar da ke tafiyar da shi. Samsung na amfani da Tizen, LG na amfani da webOS, Hisense na da VIDAA, wasu kamfanoni kuma irin su Sony da TCL na amfani da Android TV ko Google TV. Akwatin yana haɗuwa da intanet ta Wi-Fi ko ta waya, kuma a gidaje da yawa wayar salula ce ke raba masa data. Yawancinsu suna iya ɗauko abin da ke kan allon wayar su nuna shi a babban allo.

Wannan kwamfutar ta ciki ba ta ƙara wa hoto kyau. Kyan hoto ya dogara ne da ingancin allon da yawan ɗigogin da ke kansa. Ƙananan akwatuna masu HD suna da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, Full HD na da 1920 da 1080, 4K kuma na da 3840 da 2160. Girman allo ana auna shi ne daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, don haka inci 32 kusan santimita 81 ne, inci 43 kuma kusan santimita 109.

Wuta da data

Kamfanin rarraba lantarki na Kaduna ne ke bai wa Zariya wuta, kuma ɗaukewar wuta da hawa da saukar ƙarfinta abu ne da aka saba da shi. Wutar gidaje a Najeriya bolt 230 ce, amma takan yi ƙasa da haka ko ta dawo da ƙarfi fiye da kima, abin da ke ƙona allon wutar akwatin. Saboda haka masu gyara kan ba da shawarar a haɗa talabijin da sitabilaiza ko na'urar kare shi daga bugun wuta, a kuma cire soket da wayar eriya lokacin tsawa a damina.

Talabijin LED mai inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 50. Idan mai cin wat 50 ya yi awa biyar a kunne kullum, zai ci yunit bakwai da rabi a wata. Wannan lissafi ya fi muhimmanci ga mai amfani da sola ko inbata ko ƙaramin janareto, domin duk yadda allo ya ƙara girma, haka yake ƙara shanye batir. Akwai kuma akwatunan da ke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12.

Data ce babbar ɗawainiyar da ke biyo bayan sayen akwatin. A ƙiyasin kamfanin Netflix, kallon awa ɗaya yana cin kimanin gigabait 1 a matsakaicin hoto, har zuwa 3 a HD, har zuwa 7 a 4K. Gidan da ke kallon awa biyu kullum zai buƙaci kimanin gigabait 60 a wata a matsakaicin hoto, ko har 180 a HD. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, wanda ya ƙara nauyin wannan ɗawainiya. A cikin ganuwa, a tsoffin gidajen unguwanni irin su Kwarbai da Limancin Kona, katangar ƙasa mai kauri tana iya raunana siginar Wi-Fi tsakanin zaure da ɗakunan cikin gida, don haka wurin da aka ajiye na'urar intanet yana da tasiri.

Amfani da illoli

Babban amfanin talabijin mai intanet ga mai kallon Hausa shi ne YouTube. Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe, masu shirya finafinan Kannywood da dama suka koma sakin shiri mai dogon zango a can, kamar Labarina na Aminu Saira da Izzar So. Haka kuma ana samun tafsirin watan Ramadan, karatuttukan malamai, labarai, da darussan makaranta, waɗanda iyali za su iya kallo tare a kan babban allo a lokacin da suka ga dama.

Illolinsa kuwa sun haɗa da tsufan manhaja. Allo yakan yi shekaru yana aiki lafiya bayan kamfani ya daina sabunta kwamfutar cikinsa. A Disambar 2019 Netflix ya daina aiki a kan wasu akwatunan Samsung ƙirar 2010 da 2011. Wannan ya shafi masu sayen na hannu da ake shigowa da su daga Turai, domin yawancinsu tsoffin ƙira ne. Akwai kuma batun sirri: a 2017 hukumomin Amurka sun sa kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da mutane ke kallo ba da izininsu ba. Ga iyaye kuma, akwatin da ke buɗe intanet yana buƙatar a sa masa lambar sirri don taƙaita abin da yara za su iya gani.

Kallon ƙwallon Turai, wanda ya cika gidajen kallo a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, ya fi dogara da dikoda da dish. Ga mai gidan kallo, girman allo da haskensa da juriyarsa ga zafi da ƙurar hunturu sun fi manhajojin ciki muhimmanci.

Abubuwan dubawa wajen saye

Mai saye a kasuwar Sabon Gari ko a Kaduna da Kano yana da zaɓi uku: talabijin mai intanet, talabijin na yau da kullum tare da dikoda, ko na yau da kullum tare da ƙaramar na'urar da ake cusawa a ramin HDMI, irin su Fire TV Stick ko akwatin Android. Zaɓi na uku yana da fa'idar cewa idan na'urar ta tsufa, ita kaɗai za a sauya, allon ya ci gaba da aiki. Sai dai a akwatuna masu inci 43 zuwa sama, manyan kamfanoni sun fi ƙera masu intanet, kuma ba dole ba ne a haɗa su da intanet kafin su nuna dikoda ko eriya.

Ana duba yawan ramukan HDMI da na USB, da ko akwatin yana da ramin AV na tsohuwar dikoda. Tsarin dijital na Najeriya DVB-T2 ne, don haka yana da kyau a ga wannan alama a jikin kwali. Shirye-shiryen tashoshin gida da na ƙananan dikodoji ba sa kaiwa matakin 4K, kuma a ƙaramin allo ido ba ya bambance shi da Full HD daga inda ake zama, don haka ƙarin kuɗinsa ya fi dacewa da babban allo.

Ana samun jabun akwatuna da aka liƙa wa sunan manyan kamfanoni, da masu arha da ke ɗauke da manhajar Android ta waya, waɗanda wasu manhajojin kallo ba sa aiki a kansu yadda ya kamata. Hanyar kariya ita ce a kunna akwatin a shago, a gwada lambar ƙirar da ke cikin saitinsa da ta bayan akwatin da ta jikin kwali, a buɗe YouTube a gani, sannan a karɓi rasit da takardar garanti. Hukumar SON ce ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, hukumar FCCPC kuma ita ke karɓar ƙorafin masu saye.

A taƙaice, talabijin mai intanet ya fi amfanar gidan da ke da tsayayyen intanet kuma yake yawan kallon YouTube ko manhajojin finafinai. Gidan da kallonsa ya tsaya kan Arewa24 da NTA da ƙwallo ta dikoda zai fi cin moriyar kuɗinsa idan ya sa su a allo mai inganci, sitabilaiza, da garanti.