Yadda Ake Ƙiyasta Zurarewar Asid a Rijiyoyin Mai da Iskar Gas

Idan rijiyar mai ko ta iskar gas ta rage kawowa, injiniyoyi kan ɗura mata asid domin ya narkar da dutse ya buɗe hanya. Herman Frasch ne ya yi rajistar wannan dabara a Amurka a 1896, amma ba ta bazu ba sai daga 1932, bayan da aka samo sinadarin da ke hana asid cin bututun ƙarfe.

A dutsen farar ƙasa akan tura asid ɗin haidirokulorik, mai ƙarfin kashi 15 zuwa 28 cikin ɗari, da matsin da zai tsaga dutsen. Sai dai wani kaso nasa yakan zurare ta bangon tsagar ya shige ƙofofin dutse. Idan zurarewar ta yi yawa, asid ɗin zai ƙare a kusa da rijiya, tsagar ta gajarta, kuɗin aikin ya tafi a banza.

Tushen ƙiyasin shi ne lissafin Carter na 1957, wanda ya nuna cewa zurarewar tana raguwa da tafiyar lokaci: idan lokaci ya ninka sau huɗu, ruwan da ya salwanta sau biyu kawai zai ninka. Abubuwa uku ke kayyade ta: kaurin ruwan da aka tura, yadda ruwan da ke cikin dutsen ke matsuwa, da daskararren da ke like bangon tsaga. Domin samun adadin a fili, akan fara tura ruwa kaɗan, a tsayar da famfo, a bibiyi saukar matsi, bisa hanyar da Nolte ya gabatar a 1979.

Matsalar ita ce asid yana cinye daskararren, yana kuma haƙa ramuka kamar na tsutsa, waɗanda ke ƙara shan ruwa, musamman a rijiyar gas. Gwajin da aka yi da ruwan da ba asid ba yakan ba da adadi ƙasa da na haƙiƙa, don haka dole a gyara shi da gwajin samfurin dutsen a ɗakin bincike.

Da wannan ƙiyasi ake tsai da yawan asid, da saurin turawa, da ko za a kaurara shi, a gauraya shi da dizal, ko a mai da shi kumfa da iskar naitirojin.