Kwas ɗin Bazara a Amurka: Daga Bakin Tafkin Chautauqua Zuwa Intanet

Tun sanyi bai gama tafiya ba jami'o'in Amurka ke buɗe rajistar kwasa-kwasan bazara, wato karatun da ake yi tsakanin Mayu da Agusta, lokacin dogon hutu. A yau ɗalibi kan zauna a ɗakinsa ya duba jerin kwasa-kwasai, ya zaɓi lissafi ko tarihi, ya biya kuɗi, ya kammala cikin mako biyar ko takwas ba tare da ya taka harabar jami'ar ba. Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin abin da intanet ta haifa. Tarihi bai goyi bayan wannan fahimta ba. Abubuwa uku ne suka haɗu suka samar da shi, kuma dukkansu sun girme kwamfuta nesa ba kusa ba: makarantar bazara, karatu ta wasiƙa, da ma'aunin karatu da ake kira kiredit. Na ukun shi ne ba a cika ambata ba, amma a ganina shi ne ginshiƙin al'amarin, domin shi ke yanke hukuncin ko wahalar da ɗalibi ya sha za ta shiga lissafin digirinsa ko za ta tsaya a bakin ƙofa.

Makarantar bazara ta samo asali ne daga buƙatar malaman makaranta. Ana yawan cewa noma ne ya jawo dogon hutun bazara a Amurka, amma masana tarihin ilimi sun nuna cewa makarantun karkara na ƙarni na 19 sukan yi karatu da bazara da hunturu, su rufe lokacin shuka da girbi. Zafin birane da ƙoƙarin daidaita kalandar makarantu ne suka kafa hutun kamar yadda aka san shi. Da hutun ya kafu, sai aka samu dubban malamai, yawancinsu mata masu ƙaramin albashi da ƙarancin horo, waɗanda ba su da wani lokaci nasu na kansu sai waɗannan watanni. Jami'ar Harvard ta fara makarantar bazara a 1871. A 1873 masanin halittu Louis Agassiz ya tara malamai maza da mata a tsibirin Penikese da ke gaɓar jihar Massachusetts, ya sa su nazarin halittun ruwa da idonsu da hannunsu maimakon haddar littafi. Ya rasu a ƙarshen wannan shekara, makarantar kuma ba ta daɗe bayansa ba. A 1874 Lewis Miller, mai masana'antar injin yankan ciyawa, da limamin cocin Methodist John Heyl Vincent suka kafa taron mako biyu a bakin tafkin Chautauqua a jihar New York domin horar da malaman makarantar Lahadi. Cikin 'yan shekaru taron ya zama gari guda na karatu, ana koyar da harsuna da kimiyya da kiɗa, ana kwana a tantuna da ƙananan gidajen katako.

Karatu ta wasiƙa ya taso ne ta wata hanya dabam. A Ingila, bayan an sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa zuwa kobo guda a 1840, Isaac Pitman ya riƙa koyar da gajeren rubutu ta gidan waya, ɗalibai su aiko da aikinsu ya gyara ya mayar. A Boston, Anna Eliot Ticknor ta kafa ƙungiyar ƙarfafa karatu a gida a 1873, inda mata masu ilimi ke jagorantar wasu matan ta wasiƙa wata bayan wata, kuma dubbai suka amfana kafin ƙungiyar ta tsaya a 1897. Chautauqua ita ma ta ga cewa mako biyu ba su isa ba, sai ta ƙirƙiro da'irar karatu a 1878, tsarin shekara huɗu na karanta zaɓaɓɓun littattafai a gida, wanda ke ƙarewa da bikin yaye ɗalibai a bakin tafki.

Mutumin da ya ɗaure waɗannan igiyoyi biyu wuri guda shi ne William Rainey Harper. Malamin Ibrananci ne a wata makarantar horar da limaman coci da ke Morgan Park kusa da Chicago. A farkon shekarun 1880 ya fara koyar da harshen a darussan bazara masu zafi, da ɗalibai suka nemi ci gaba bayan sun koma gida sai ya riƙa aika musu darasi ta gidan waya. Daga nan ya shiga jagorancin karatu a Chautauqua. Lokacin da aka naɗa shi shugaban sabuwar Jami'ar Chicago, wadda ta buɗe a 1892 da dukiyar John D. Rockefeller, ya yi abin da manyan jami'o'i ba su saba yi ba. Ya raba shekara zuwa zango huɗu, ya mai da bazara cikakken zango mai daraja ɗaya da sauran ukun, sannan ya kafa sashen koyarwa ta wasiƙa a cikin jami'ar kanta, aka yarda wani kaso na karatun digiri ya fito daga can. Abin lura a nan shi ne Harper bai ƙirƙiri darasin bazara ba, bai ƙirƙiri wasiƙa ba. Gudummawarsa ita ce ya sa jami'a ta ce ta amince, ta rubuta aikin malamar ƙauye a cikin kundinta kamar yadda take rubuta na ɗalibin da ke kwana a harabarta.

Amincewa kuwa tana buƙatar ma'auni. Kafin Charles Eliot ya karɓi shugabancin Harvard a 1869, kusan kowane ɗalibin kwaleji a Amurka na bin manhaja ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe tare da 'yan ajinsa, babu maganar zaɓe. Eliot ya shafe shekaru arba'in na mulkinsa yana faɗaɗa 'yancin ɗalibi ya zaɓi kwas. Da zaɓe ya shigo, dole a san nawa ne ya isa digiri, kuma ta yaya za a kwatanta kwas ɗin kimiyyar sinadarai da na Girkanci. Amsar da aka samu ita ce ƙirga sa'o'i. Gidauniyar Carnegie, wadda aka kafa a 1905 domin biyan fansho ga malaman jami'a, ta gindaya sharuɗɗa ga kwalejojin da ke son shiga tsarin, kuma daga nan ma'aunin sa'a 120 a shekara ga kowane darasin sakandare ya yaɗu tun daga 1906. A jami'o'i aka tsaya kan makamancinsa: sa'a guda a aji kowane mako na tsawon zango mai kimanin mako goma sha biyar ita ce kiredit ɗaya, digirin farko kuma kimanin kiredit 120. Wannan ma'auni ya mai da kwas abin da za a iya cirewa daga wuri a kai wani, kamar kuɗin da ake karɓa a kasuwanni da yawa. Ba don shi ba, ɗalibar wata jami'a a Ohio ba za ta iya ɗaukar kwas guda a Arizona da bazara ta dawo da shi gida ba, kuma duk harkar zaɓe da rajista da ake yi a yau ba ta da tushe. Turai ma ta bi sahu da nata tsarin na ECTS daga 1989, inda shekarar karatu ke daidai da kiredit 60.

Mai ja zai ce an fifita takarda a kan ilimi. Matan Ticknor ba su samu kiredit ba, masu karatun da'irar Chautauqua ma takardar girmamawa kawai suka samu, amma rayuwarsu ta canja. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ke neman ilimi don kansa ba ya buƙatar izinin wani rajistara. Sai dai a duba abin da ya faru da Chautauqua kanta. Jihar New York ta ba ta ikon ba da digiri a 1883, amma ba ta daɗe tana yi ba, domin da jami'o'i suka buɗe nasu zangon bazara da sassan wasiƙa, malaman da ke neman ƙarin girma da ƙarin albashi sun koma inda takardar ke da nauyi a wurin hukumar ilimi. Chautauqua tana nan har yau a matsayin wurin lacca da kiɗa da hutu, kuma tana da kyau a haka. Amma talakan da ya sadaukar da hutunsa da albashinsa ya nuna da ƙafarsa abin da yake buƙata.

Shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga wajen Amurka, kuma ta taɓa Najeriya kai tsaye. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawar digirinta ga kowane namiji, ba tare da la'akari da inda ya yi karatu ba. Jami'ar ba ta koyar da waɗannan ɗalibai na waje. Jarrabawa kawai take shiryawa ta ba da digiri. Koyarwar ta faɗa hannun kwalejojin wasiƙa irin su Wolsey Hall ta Oxford da Rapid Results College. Ta wannan hanya Alvan Ikoku ya samu digiri yana aikin koyarwa, Obafemi Awolowo kuma ya samu digirin kasuwanci a 1944, tun kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Darussan da jirgin ruwa ya kawo sun taimaka, amma sunan Landan a kan takardar ne ya buɗe ƙofofi. Daga baya, da shirin ilimin firamare na bai ɗaya ya zo a 1976, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin horar da malamai daga nesa, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta shahara da karatun dogon hutu ga malaman da ke bakin aiki. Dalilin da ya tara malamai a Zariya lokacin hutu shi ne ya tara na Amurka a Chicago.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan ce an gama amsa shi ba. Ma'aunin sa'a yana ƙirga zama ne, ba ya ƙirga fahimta, kuma duk inda aka iya sayar da kiredit za a samu mai sayar da na banza. A shekarun 1920 makarantun wasiƙa na kasuwa sun cika Amurka da 'yan talla masu bin gida gida, ana karɓar kuɗi tun farko, mafi yawan masu rajista kuma ba sa kammalawa, har ribar ta koma dogara ga waɗanda suka watsar. A 1930 Abraham Flexner ya caccaki jami'o'in Columbia da Chicago a littafinsa kan jami'o'i saboda shiga irin wannan ciniki. Sukar tasa tana da gaskiya a ciki, duk da cewa ya raina buƙatar mutanen da ba su da wata hanya. Abin da tarihin ya nuna shi ne maganin bai zo daga rufe ƙofar ba, ya zo ne daga tsananta sharaɗin amincewa: hukumomin tantance jami'o'i, da 'yancin kowace jami'a ta ƙi karɓar kiredit ɗin da ba ta gamsu da shi ba. Game da matse karatu cikin 'yan makonni kuwa, lissafin kansa gargaɗi ne. Kwas mai kiredit uku yana nufin kimanin sa'a 45 ta koyarwa, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce sa'a biyu ta nazari ga kowace sa'ar aji. Idan aka dunƙule wannan cikin mako biyar, ya kai sa'a 27 a mako. Wanda ya ɗauki kwas biyu a haka yana kuma zuwa aiki ya ɗora wa kansa abin da ranakun mako ba za su ɗauka ba, ko da malamin ya fi kowa iyawa.

Saura masu cewa intanet ta sauya komai har tsohon labari bai da sauran amfani. Ta sauya abubuwa da yawa. Gyaran da ke ɗaukar makonni a gidan waya yanzu yana dawowa cikin kwana ɗaya, ɗalibai suna ganin juna suna muhawara, abin da ɗaliban Harper na wasiƙa ba su taɓa samu ba. Jami'ar Phoenix ta fara koyarwa ta kwamfuta a 1989, annobar 2020 kuma ta tura kusan dukkan zangon bazara na Amurka zuwa intanet a dare ɗaya, kuma kaso mai yawa bai koma aji ba. Amma gwajin 2012 ya isa hujja. A shekarar ne Coursera da edX suka buɗe darussan manyan farfesoshi kyauta ga duniya, dubun dubatar mutane suka yi rajista a kwas guda, ƙalilan suka kai ƙarshe, kuma jami'o'in da suka shirya darussan ba su ƙirga su a digirin ɗalibansu ba sai a wurare kaɗan. A lokaci guda ɗalibai suka ci gaba da biyan kuɗi mai yawa don kwas ɗin bazara na wani malami da ba a san sunansa ba, saboda wannan zai bayyana a takardar sakamako. Shi ya sa har yau jami'o'in Amurka da yawa ke buƙatar ɗalibinsu ya sami izini a rubuce daga sashensa kafin ya yi rajista a wata jami'a da bazara, a tabbatar an tantance jami'ar, a gwada manhajar da tasu, a faɗa masa mafi ƙarancin makin da za a karɓa, wanda galibi C ne. Ɗalibin da ke karatu a Kano ko Yamai yana sha'awar irin wannan kwas yana fuskantar sharaɗi mai tsanani fiye da haka, domin babu wata yarjejeniya ta bai ɗaya da ta tilasta wa jami'arsa karɓar kiredit daga ƙetare, kuma majalisar malaman jami'ar ce kaɗai ke da ikon cewa ta karɓa.