Daidaita Siffa a Harsunan Manhaja

Daidaita siffa hanya ce ta rubuta manhaja inda mai rubutu yake jera siffofin da bayani zai iya zuwa da su, kowace tare da abin da za a yi idan ita ce ta zo. Kwamfuta tana gwada su daga sama zuwa ƙasa, ta tsaya a kan ta farko da ta dace, ta kuma sanya wa ɓangarorin bayanin sunaye. Ginshiƙi ce a harsunan da ke gina manhaja bisa ayyukan lissafi, irin su Haskell, OCaml da Erlang.

Tarihi

Rod Burstall ya gabatar da dabarar a wata takardar bincike ta 1969, sannan harshen Hope na Jami'ar Edinbura ya yi aiki da ita. Daga nan ta shiga Miranda a 1985 da Haskell a 1990. Python ta karɓe ta a 2021 cikin sigar 3.10.

Salo

A Haskell ana ƙirga tsawon jeri da layi biyu:

tsawo [] = 0
tsawo (_:saura) = 1 + tsawo saura

Layin farko na jerin da ba komai a ciki ne, na biyu kuwa na mai abu na farko da saura. Idan hukunci ya rataya a kan siffa, irin wannan rubutu ya fi dogon "in kaza, in ba kaza ba" sauƙin karantawa. Idan kuwa ya rataya a kan ƙima, kamar lamba ta haura 100, sai a ƙara sharaɗi a gefen siffar. Cusa siffa cikin siffa hawa-hawa yana wahalar da mai karatu. Gara a raba aikin gida-gida.

Hattara

Alamar _ tana karɓar kowane abu, shi ya sa take ɓoye kuskure. A ce manhaja ta san hanyoyin biya biyu, Tsaba da Banki, daga baya aka ƙara Kati. Idan an ambaci kowace da sunanta, manhajar da ke fassara rubutun zuwa harshen inji za ta iya nuna duk inda aka manta da Kati. Idan an rufe da _, shiru za ta yi, Kati ya bi hanyar da ba tasa ba.

OCaml tana gargaɗi idan siffofi ba su cika ba, Rust kuwa ba ta karɓar rubutun sam sai an cike giɓin.