Allurar Barci da Karen da Fitsari Ya Tsaya Wa

Namijin kare yana da ɗan ƙashi a cikin mazakutarsa, hanyar fitsari kuma ta ƙarƙashinsa take bi, babu wurin buɗewa. Idan tsakuwa ta gangaro daga mafitsara, a gindin ƙashin nan take maƙalewa. Kare ya yi ta nishi ba ko ɗigo, cikin kwana biyu zuwa uku guba ta taru a jini. Abin yi shi ne a zura siririyar roba, a tura tsakuwar da ruwa ta koma mafitsara. Sai dai kare mai ciwo ba ya tsayawa a yi masa wannan sai an kwantar da shi.

Neman abin kwantarwar ya ɗauki fiye da ƙarni guda. A 1847 aka fara amfani da kulorofom a Edinbara, amma ya kashe karnuka da yawa, don tsakanin barci da mutuwa tazarar kaɗan ce. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 Frederick Hobday, likitan dabbobi a Landan, ya ƙera na'urar da ke shaƙa musu shi daidai gwargwado. A shekarun 1930 allurar barci ta jijiya ta shigo.

A 1962 kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa zailazin, wanda aka sayar da sunan Rompun, aka kuma haɗa ketamin a Amurka. A shekarar nan ce aka ƙaddamar da babban gangamin rigakafin cutar bushiya ta shanu a Nijar, Najeriya, Chadi da Kamaru. Aikin dabbobi a ƙasashenmu don shanu aka gina shi. Ko da aka buɗe tsangayar likitan dabbobi a Zariya a tsakiyar shekarun 1960, da makarantar Dakar a 1968, garke ne a gaba. Karen maharbi a Lugu ko Tibiri, can wajen Dogondutsi, wanda ke shiga daji da ubangidansa kuma yake gadin gida da dare, ba a cika tuna shi ba sai batun haukan kare ya taso.

Zailazin da ketamin su suka zama abin hannu, ga araha ga sauƙin samu. Abin damuwa shi ne zailazin na rage bugun zuciya, yana kuma ƙara yawan fitsari, alhali mafitsara a toshe take, zuciya kuma ta riga ta galabaita da fotasiyam da ya taru a jini. Karen da aka zo ceta yana iya tafiya a kan tebur.

Binciken da aka yi daga baya, musamman a cibiyar nazarin tsakuwar fitsari da Carl Osborne ya kafa a Jami'ar Minnesota a 1981, ya gyara tsarin aikin. Yau ana farawa da ƙarin ruwa da gwajin jini, sannan a ba da maganin zafi da ɗan diyazefam, a ƙara furofofol in da buƙata. Irin wannan gwaji a manyan birane yake, kuma daga Dogondutsi zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 250 ce.