Tarihin Wayar Ethernet, Da Inda Ake Fara Neman Cuta Idan Ta Ƙi Aiki

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Gusau, mai shagon buga takardu da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ya rubuto cewa kwamfutarsa ta tebur, wadda ke haɗe da intanet ta waya, ta daina shiga, alhali wayoyin hannu a shagon suna samu. Har an ba shi shawara ya sayi sabuwa. Yana son ya san wa ya ƙirƙiro wannan waya, kuma ta ina zai fara bincike.

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka, kuma kada ka yi gaggawar fid da kuɗinka. Tambayoyin nan naka biyu a haɗe suke, domin hawa-hawa aka gina abin, kuma hawa-hawa ake binciken sa, daga ƙasa zuwa sama.

Sunan tsarin Ethernet. An ƙirƙiro shi ne a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, a Jihar Kalifoniya ta Amurka. Ran 22 ga Mayu, 1973, wani matashin injiniya, Robert Metcalfe, ya rubuta takardar da ta bayyana shi, sa'an nan shi da abokin aikinsa David Boggs suka haɗa shi. Buƙatarsu ita ce kwamfutocin ofis su yi magana da juna, su kuma yi tarayya a injin buga takardu guda. Dabarar kuwa sun aro ta ne daga Jami'ar Hawai, inda tun 1971 ake haɗa kwamfutocin tsibirai ta rediyo. Ladabin zaman zaure ne: ka saurara kafin ka yi magana, in kuwa mutum biyu suka soma tare, sai kowa ya yi shiru, ya ɗan jira, sa'an nan ya sake. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fito da ƙa'ida guda mai gudun megabit 10 a daƙiƙa.

A wancan zamani waya ɗaya ce tal, mai kauri, yawanci ruwan ɗorawa, tana iya kai mita 500, kowace kwamfuta kuma a jikinta ake maƙala ta. Daga baya aka sami siririya mai mita 185. Illarsu ɗaya: idan wayar ta tsinke ko ta kwance a wuri guda, duk ofishin ne zai tsaya cik, ma'aikaci ya yi ta rarrafe ƙarƙashin tebura yana lalube, ba abin da zai nuna masa inda ɓarnar take.

A 1990 aka yi maganin wannan wahala. Aka tsayar da ƙa'idar cewa kowace kwamfuta ta sami wayarta ita kaɗai, irin murɗaɗɗiyar wayar tarho, wadda ba ta wuce mita 100 ba, zuwa akwatin da ke tsakiya. Aka kuma sa ɓangarorin biyu su riƙa aika wa juna ɗan sigina a kai a kai, ko da ba saƙo. Wannan shi ne asalin 'yar fitilar nan da kake gani a bayan kwamfutarka, dab da ramin wayar.

Saboda haka hawa na farko, Malam, ka leƙa wannan fitila, da 'yar'uwarta a jikin rauta, watau akwatin da ke rarraba intanet a shagonka. Idan ba ta kama ba, maganar ta waya ce ko ta rami. Zare wayar ka mayar har ka ji ta ce ƙas, don ɗan harshen robar da ke riƙe ta yakan karye. Sauya rami a jikin rautar. Ari wata waya da ka tabbata tana aiki ka gwada. Duba ko ɓera ya ci, ko ƙofa ta matse ta. In duk ka yi wannan fitila ba ta kama ba, wataƙila ramin kwamfutar ne ya ƙone, abin da tsawa kan jawo da damina. Ko shi ma ba ya sa a yar da kwamfuta, akwai ɗan mahaɗi da ake soka wa a ramin USB ya maye gurbinsa.

A nan akwai abin lura. Zare 8 ne a cikin wayar. Gudun megabit 100 da ya zo a 1995 guda 4 kawai yake amfani da su, amma na megabit 1,000 da ya zo a 1999 sai da duka 8. Shi ya sa zare ɗaya kan tsinke, fitila na kamawa, amma aiki ya koma tafiyar hawainiya.

Hawa na biyu shi ne adireshi. Da can da hannu ake rubuta wa kowace kwamfuta lambarta, sai a 1993 aka fito da tsarin DHCP, inda kwamfuta ke roƙa rauta ta ba ta. Idan Windows gare ka, buɗe baƙin allon nan na umarni ka rubuta ipconfig. In ka ga lamba mai farawa da 192.168, galibi an ba ta. In kuwa da 169.254 ta fara, ta yi sallama ke nan ba a amsa ba, sai ta raɗa wa kanta. Kashe rautar, ka ɗan dakata, ka kunna, sa'an nan ka sake tada kwamfutar. Wannan yakan faru bayan an ɗauke wuta an dawo da ita.

Hawa na uku, umarnin ping, wanda wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta a watan Disamba 1983. Rubuta ping, ka bi shi da lambar rautarka, wadda ipconfig ya nuna maka. In ta amsa, to wayarka lafiya lau, cutar tana gaba. Tun da kuwa wayoyin hannu na samu a shagon, ba daga kamfanin da ke ba ka layi ba ne, sai a duba saitin kwamfutar.

Boggs ya rasu a 2022, shi kuwa Metcalfe a 2023 aka sanar da ba shi lambar yabo ta Turing, mafi girma a fagen ilmin kwamfuta. Kai dai ka riƙe jerin nan: waya, fitila, adireshi, sa'an nan sauran. Duk mai gyaran da ya ce a goge kwamfuta ko a sayi sabuwa tun bai leƙa bayanta ba, ka ce ya dakata tukuna. Allah ya ba da kasuwa, sai mun sake jin ka.