Waziri Aku Na Magana Jari Ce: Tsuntsu Ɗaya, Littafi Uku

Tun lokacin da Nafisat Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, ake ta musu a majalisun matasa, har da namu na Kakuri da Barnawa: idan fuska ta canza, tauraron labari yana nan ko ya tafi? Ni dai a wurina, Abubakar Imam ya riga ya amsa wannan tambaya a Magana Jari Ce. Ga bayanin a taƙaice.

Asalin littafin

An haifi Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya rasu a 1981. A Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, aka fara buga shi a 1937. Littafi uku ne, cike da sarakuna da aljanu da dabbobi masu magana, labarai sama da 80. Abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne aku. Daga baya NTA Kaduna ta mayar da shi wasan talabijin, marigayi Ƙasimu Yero na cikin waɗanda suka fito.

Littafi na 1: tsuntsun saye

A nan aku ba kowa ba ne, sayen sa aka yi daga hannun wani Balarabe. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri yana ƙulla yadda Musa zai fita ya halaka, aku kuwa ya riƙa tsare shi da labari har gari ya waye. Da asirin Waziri ya tonu, sai aka ba aku sarautarsa. A kula: Musa ɗan Sarki ne, Mahmudu kuwa jikansa ne. Tare suka tashi, shi ya sa ake yawan rikita su.

Littafi na 2: Waziri a fagen gasa

Yanzu ya zama babban mutum, sai ga kishiya. Haziƙ, akun Sarkin Sirika, ya zo suka kara, wannan ya ba da labari, wancan ya mayar. Haziƙ aku ne shi ma, amma kada ku haɗa su, kowa da ubangidansa.

Littafi na 3: uba kuma malami

A nan Waziri yana koyar da ɗansa Fasih sana'ar baki. Wanda a da yake magana don ceton ran ɗan Sarki, yanzu yana yi ne don kada abin ya mutu tare da shi.

Me ya sa bai ɓace mana ba?

Matsayinsa ya canza sau uku, amma abu biyu ba su motsa ba: makaminsa baki ne, kuma yana riƙe amanar gidan da ya ɗaukaka shi. Ba a wayi gari an ga ya zari takobi don kawai labari ya yi zafi ba. Sannan kowane littafi sakamakon na baya ne. Amana ta jawo sarauta, sarauta ta jawo kishiya, girma ya jawo neman magaji.

To masu shirya mana finafinai masu dogon zango da marubutan littattafan yaƙi, ga darasi kyauta. Mai kallo zai iya haƙuri da sabuwar fuska. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce mai haƙurin zango na 1 ta koma mafaɗaciya a zango na 3 ba tare da an nuna abin da ya same ta ba. Daga nan ne ake kashe data a koma wani shirin.

Wane tauraro ne kuka ga an canza masa hali ba dalili? Ku faɗa mana a ƙasa.